Intanet ta gurbin tashar talabijin: yadda za ka auna aikinta kafin ka zuba kuɗinka

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kai intanet wani ƙauye da ke hayin fadamar Argungu, ko bayan duwatsun Zuru, ya san inda gizo ke saƙa. Na'urorin da muka saba ɗaurawa, masu aiki a zangon rediyo na gigahaz 5 (5 GHz), sai eriya ta hango 'yar'uwarta ido da ido. Mangwaro uku suka gitta a tsakani, magana ta ƙare. Shi ya sa idan aka kawo zancen na'urorin da ke bi ta guraben tashoshin talabijin da ba kowa a ciki, waɗanda ake rubuta musu TVWS a jikin kwali, sai ka ga kunne ya tashi. An ce siginarsu tana ratsa itatuwa, tana kewaya tudu, tana cin kilomita goma ba ta gaji ba. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai nisa take saya maka ba gudu ba, kuma shi kansa nisan da tsayin ƙarfe da tsabtar gurbi ake biyansa. Ga yadda nake bin aikin, daga takarda har zuwa kan hasumiya.

Mataki na farko: san gonar da za ka ara

Talabijin na ƙasa, wanda ake kamawa da eriyar kan rufi, yana da zango daga megahaz 470 zuwa 694. An yanka shi fegi-fegi, kowane gurbi faɗinsa megahaz 8, daga gurbi na 21 zuwa na 48, wato gurbi 28. Idan kana son sanin tsakiyar kowane gurbi, ninka lambarsa da 8 ka ƙara 306. Na 21 zai ba ka 474, na 30 kuma 546. A Amurka gurbi megahaz 6 ne, don haka na'urar da aka ƙera don kasuwarsu ba lallai ta zauna daidai a namu ba. Tambayi wannan tun kafin a yi maganar farashi.

A Legas ko Kano tashoshi sun cinye da yawa daga cikin guraben. A jiha irin tamu ta Kebbi mai ƙananan hukumomi 21 da tashoshin da ba su taka kara sun karya ba, mafi yawansu saura ne, gona ce da aka bari ba a noma. To amma gonar aro ce. Mai ita gidan talabijin ne, duk ranar da ya dawo da garmarsa sai ka tattara, ko da kuwa shukarka ta yi kai. Aikin mayar da talabijin zuwa na dijital da aka ƙaddamar a Jos a 2016 jiha-jiha ya fara tafiya, kuma duk inda ya sauka yakan sauya wa guraben zama. Kada ka sayi na'urar da ba ta iya tashi daga wannan gurbi zuwa wancan.

Ƙa'idoji biyu ne aka fi sani. Akwai IEEE 802.22 ta 2011, wadda aka tsara don faɗin karkara, da 802.11af ta 2014, wadda ita Wi-Fi ce aka sauko da ita zangon talabijin. A ƙarƙashin ta biyun, iyakar abin da gurbi ɗaya mai megahaz 8 zai ɗauka a hanya guda, wato da eriya ɗaya, shi ne megabit 35.6 a daƙiƙa. Lambar nan mai ban sha'awa ta 568 da ake gani a talla sai an haɗe gurbi huɗu da eriya huɗu, kuma a ɗakin gwaji. Riƙe 35.6 ɗin a ranka, ka sani cewa ita ma ba duka ce za ta iso hannun mai waya ba, domin na'urorin suna cin wani kaso wajen gaisawa da tabbatar da saƙo ya isa. Kamfanoni da dama ma tsarin kansu suke bi, wanda ke nufin uwar na'ura, wato babbar da ke kan hasumiya tana raba sigina, in ta wani kamfani ce ba za ta yi magana da ƙananan na'urorin wani ba.

Abin ba sabo ba ne. Hukumar sadarwar Amurka ta buɗe ƙofarsa a 2008. A 2013 an gwada shi a makarantu goma a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kowace makaranta aka ware mata megabit 2.5, an kuma gwada shi a Nanyuki ta ƙasar Kenya. Dubi wannan 2.5 ɗin da kyau, ita ta fi kama da abin da za ka gani a fili.

Mataki na biyu: izini

Zangon talabijin a hannun NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, yake, harkar sadarwa da amincewa da nau'in na'ura kuma na hukumar sadarwa ta NCC ne. Ka rubuta musu, ka nemi ƙa'idar da ke aiki a lokacin da za ka fara, ka tabbatar na'urar da za ka saya tana da amincewarsu. Yawancin irin waɗannan na'urori an gina su ne su aika wurin da suke ta GPS zuwa wani rumbun bayanai, shi kuma ya faɗa musu gurbin da za su shiga da ƙarfin da ba za su wuce ba. Tambayi mai sayarwa wane rumbu na'urarsa ke tuntuɓa a Najeriya, da abin da take yi idan ta kasa samunsa, domin wasu shiru suke yi gaba ɗaya. Sannan ka je gaisuwa wurin hakimi, ka sanar da jami'an tsaron yankin. A halin da ake ciki, baƙon ƙarfe mai eriya a bakin gari ba ya rasa masu tambaya.

Mataki na uku: saurari sama kafin ka yi magana

Nan ne mafi yawan ayyuka ke lalacewa, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Ko rumbu ya ce gurbi fanko ne, sai ka ji da kunnenka. Ƙaramar na'urar auna zango irin tinySA ko RF Explorer ta isa. In aljihu ya yi nauyi, ɗan RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta zai yi, sai dai shi abin da bai kai megahaz 3 ba yake gani a lokaci guda, don haka sai da manhajar da za ta riƙa zagaya zangon tana ajiye abin da ta gani.

Kada ka auna a ƙasa. Hau inda eriyar za ta zauna, da eriyar da za ka yi aiki da ita, ka juya ta gabas da yamma, kudu da arewa. Abin da ba ka ji ba a tsakar gida, a mita talatin yana iya cika maka kunne. Tashar dijital za ka gan ta kamar tebur, samanta a baje, ta kusa cika gurbin. Tsohuwar tasha kuwa tsinaye take fitarwa kamar ƙaya. Rubuta kowace da ƙarfinta.

Awon sa'a ɗaya yaudara ne. Wasu tashoshin jiha ba sa wuni a kunne, sai la'asar su buɗe, wani lokaci kuma rashin wuta ko man janareta ya sa su kwana biyu shiru. Ka zo ranar da suke hutu, ka zaɓi gurbinsu, ranar da suka dawo ka rasa abin da ya sami sabis ɗinka. Ni kwana uku nake ba wa wannan mataki, dare da rana, kuma nakan so Juma'a ta faɗo a ciki. Dalili kuwa, makirufo marar waya da ake wa'azi da shi a masallatai da wuraren biki, da yawansa a cikin wannan zango yake aiki. Na taɓa shafe mako ina zargin na'ura, ashe liman ne ke ɗaukar makirufo duk bayan magariba.

Mu a Kebbi muna da wani ƙarin. Wanda ke Kamba yana kallon Gaya ta Nijar, wanda ke ƙasar Bagudo yana maƙwabtaka da Benin, kuma sigina ba ta tsayawa a duba mata takarda. Da sanyin asuba, musamman lokacin hunturu, iska takan yi hawa-hawa ta yadda siginar tasha mai nisa za ta tsallako ta sauka inda ba ta saba zuwa ba, rana ta ɗaga ta ɓace. In ka ga sabis na lalacewa daga asuba zuwa hantsi kawai, fara zargin wannan.

Wajen zaɓe, nemi gurbin da shi da maƙwabtansa na dama da hagu duk shiru ne. Zama kusa da tasha mai ƙarfi kamar hira ce a gefen injin niƙa. Ka nisanci na 47 da 48 in akwai ƙarfen kamfanin waya kusa, tunda saman 694 nasu ne. Ware gurbi biyu na ko-ta-kwana.

Mataki na huɗu: lissafi a takarda

Ana auna ƙarfin sigina da dB. Ƙarin 3 ninki biyu ne, ƙarin 10 ninki goma. Abin da ke isowa eriya ana rubuta shi da dBm, wato dB ɗin da aka ƙirga daga miliwat ɗaya, kuma kullum da alamar ragi yake zuwa, don haka −70 dBm ya fi −85 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mu ɗauki misali. Uwar na'ura tana kan ƙarfe mai mita 30 a cikin garin Argungu, ɗakin shan magani yana kilomita 10 a hayin fadama, eriyarsa a mita 8, muna kusa da megahaz 500. Da a sarari ne babu ƙasa babu itace, hanya za ta ci dB 106. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta fadama, da waɗannan tsayin, za ta ci kusan 113. Sai ka ƙara 15 zuwa 20 saboda gidajen bakin gari da lambuna, mu ce 130 gaba ɗaya. Idan abin da ke fita daga eriyar uwa ya kai dBm 36, wato wat 4, wanda shi ne ma'aunin da Amurka ta fara sa wa na'urorin da ke kafe, kuma eriyar ɗakin maganin tana ƙara 10, to 36 da 10 a cire 130 ya bar −84. Naka ma'aunin shi ne wanda izininka ya ba ka.

Me −84 ke nufi? Gurbi mai megahaz 8, ko babu tasha ko ɗaya a duniya, yana da hayaniyarsa ta asali wajen −105, da ta cikin na'ura ta koma kusan −100. Tazarar da ke tsakanin siginarka da hayaniya ke nan 16. Wannan tazarar ita ce komai. A ƙasa da 10 na'ura rarrafe take yi, a tsakanin 12 da 18 tana tafiya matsakaiciya, cikakken gudu kuwa sai an haura 25. Da 16 ɗinmu, kada ka yi wa kowa alkawarin fiye da rabin megabit 35.6 ɗin nan, kuma gara ka faɗi ƙasa da haka. Yanzu ka ga illar gurbi mai datti: hayaniya ta tashi daga −100 zuwa −90, tazararka ta koma 6, ba tare da komai ya taɓa siginarka ba.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Gaskiya ne hanya ta fi cin siginar 5.8 GHz da dB 21, amma faranti mai matsakaicin girma a can yana mayar da 30 a kowane ɓangare, alhali eriyar zangon talabijin da wuya ta wuce 12, saboda tsawon igiyarta santimita 60 ne, ta wancan kuwa kusan 5. Ma'ana, in daga kan tankin ruwa kana hango rufin da za ka kai wa sabis, ɗaura 5 GHz ka huta, ta fi arha kuma ta fi gudu sau da yawa. Gurbin talabijin na inda ido bai kai ba ne.

Sai batun tsayi. Sigina ba zare ba ce, tafiyarta kamar gora take, siririya a baki mai ciki a tsakiya. A kilomita 10 kan megahaz 500, cikin nan yakan kai mita 39 daga tsakiyarsa zuwa gefe, kuma ana son aƙalla mita 23 daga ciki su zama fili. Kusan babu wanda ke samun haka a ƙauye, wato kullum ƙasa tana gutsurar wani abu. Abin daɗin shi ne duk lokacin da ka ninka tsayin eriya ɗaya, kana samun kusan dB 6, daidai da ninka ƙarfin na'ura sau huɗu. Daga mita 4 zuwa 8 kuɗin bututun ƙarfe ɗaya ne da wayoyin ɗaure shi. Ban san wata hanya mafi arha ta sayen dB 6 ba. Buɗe Google Earth ka ja layi tsakanin wuraren biyu ka duba tashi da faɗuwar ƙasa. A Zuru wannan wajibi ne, domin sigina tana iya lanƙwasa ta kan tudu ɗaya mai laushi, amma dutsen da ya tokare gindin ƙauye ya fi ƙarfinta.

Mataki na biyar: ɗauri

Na'ura ta zauna a sama dab da eriya, kebul ɗin da ke tsakaninsu gajere. Wuta da data su hau ta kebul ɗin netwok, wanda bai kamata ya wuce mita 100 ba. Kada ka yi amfani da kebul ɗin talabijin na kasuwa, shi om 75 ne, na'urorin nan galibi 50 suke so. Naɗe kowane mahaɗi da tef mai hana ruwa. Dubi eriyoyin kan rufin garin: in sandunansu a kwance suke, kuma na'urarka mai hanya ɗaya ce, tsayar da naka a ɓangarorin biyu, za ka rage shiga hancin juna da talabijin. Wajen saiti mutum biyu ake so, ɗaya a sama yana juyawa a hankali, ɗaya a ƙasa yana karanto tazarar sigina da hayaniya, ba ƙarfin sigina kaɗai ba. Wani lokaci kaucewa kaɗan daga saitin uwa yana rage sigina da 1 ya rage hayaniya da 5. Kafin ka sauko, shiga gida biyu ko uku mafi kusa a kunna talabijin a gani ko hoto na tsinkewa.

Mataki na shida: awon gaskiya

Kada ka fara da shafukan auna gudun intanet. Su suna haɗa laifin hanyarka da laifin wanda ya sayar maka da data, ka rasa wa za ka kama. Sa kwamfuta ɗaya a gindin uwa, ɗaya a ɗakin maganin, ka sa musu manhajar iperf3. A ta farko rubuta iperf3 -s. A ta biyu rubuta iperf3 -c da adireshin ta farko, ka ƙara -t 60 don ta yi minti guda. Wannan hawa ke nan, wato tura data daga ɗakin maganin zuwa uwa. Maimaita da -R a ƙarshe ka ga sauka. Kada ka yi mamaki in hawa ya gaza sauka, sau da yawa na'urar ƙauye ba ta kai uwa ƙarfi ba, ita kuma uwa da ke can sama ta fi kwasar hayaniya. Ga ɗakin maganin da aikinsa tura rahoto ne, ko makarantar da ke rajistar jarrabawa, hawan ne abin dubawa.

Daga nan gwada da -u -b 5M, ka riƙa ƙara lambar har ka ga saƙonni sun fara zubewa. Inda zubewar ta wuce ɗaya cikin ɗari, nan ne iyakar hanyarka ta gaskiya. Sai jinkiri: aika ping, wato ɗan saƙon da ke auna lokacin zuwa da dawowa, sau ɗari biyar hanya tana fanko, ka sake aikawa iperf3 na gudana. Na biyun ne ke gaya maka ko kiran WhatsApp zai yiwu yayin da wani ke sauke bidiyo. In jinkirin ya yi tsalle zuwa ɗaruruwan milisakan, je kan rauta ka ƙayyade gudu a kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ka auna. Za ka yi asarar kaɗan, murya ta daina yankewa.

Yi wannan da asuba, da azahar, da bayan isha'i, kwana bakwai. Sayi littafi mai layi: rana, lokaci, gurbi, sigina, hayaniya, hawa, sauka, jinkiri, yanayin gari. Bayan wata shida, ranar da aka kira ka aka ce "Injiniya, abin nan naka ya daina ja", littafin ne zai nuna maka ko sigina ce ta faɗi ko hayaniya ce ta tashi. Ta farko tana nufin iska ta juya eriya, ruwa ya shiga mahaɗi, ko itace ya yi ganye. Ta biyu tana nufin an yi baƙo a gurbin, ko wata inbata mai arha ko fitilar sola a kusa tana feshi. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na bakwai: akushi ɗaya, hannu da yawa

Duk wuraren da ke rataye da uwa ɗaya lokaci suke rabawa. A ce makaranta na kusa tana iya megabit 20, wani ƙauye can ƙurya yana iya 2. Idan tsarin bi-da-bi yake ba su, saƙo ɗaya nan saƙo ɗaya can, kowannensu zai tashi da kusan 1.8. Mai rauni ya ja mai ƙarfi ƙasa, domin saƙonsa ɗaya yana cin lokacin saƙo goma na ɗan'uwansa. Saboda haka kafin ka karɓi wuri mai nisa don kunyar mai gari, ɗaga masa eriya har tazararsa ta gyaru, ko ka ware masa gurbi da na'urarsa. Tambayi mai sayarwa kuma ko uwar ce ke raba wa kowa lokacin magana, ko kowa saurarawa yake in ya ji shiru ya faɗa. Na biyun yana wahala a karkara, tunda ƙauyen gabas ba ya jin na yamma, sai su yi ta magana a tare uwa ta kasa fahimtar ko ɗaya. Gwajin ƙarshe shi ne a kunna iperf3 a duk wuraren lokaci guda a tara jimilla. Ita ce lambar da za ka raba wa jama'a. Wayoyinsu kuma ba sa kama zangon talabijin, a kowane wuri sai ka sa rautar Wi-Fi ta yau da kullum a ƙarshen hanya.

Mataki na takwas: damina da wuta

Ruwan sama shi kansa ba ya cin siginar da ke ƙasa da gigahaz 1 yadda yake cin ta tauraron ɗan'adam. Jiƙaƙƙen ganye ne ke ci. Hanyar da ka auna a watan Maris, kuka tsirara, gonaki a share, ba ita ce ta Agusta ba, lokacin da dogon yaro ya cika ya tumbatsa, dawa ta fi mutum tsayi, fadama ta zama tafki tana mayar da sigina kamar madubi. Gawo ne kaɗai ke yi mana adalci, shi da damina yake zubar da ganye. Bar rarar dB 10 a lissafinka saboda wannan, kuma kada ka sa hannu a takardar kammala aiki da ta ƙunshi alkawarin gudu sai ka auna a damina.

Tsawa ta fi komai kashe na'ura. Ƙarfen kama tsawa a ƙololuwa, waya mai kauri zuwa sandar tagulla da aka binne inda ƙasa ke da danshi, da abin kare kebul ɗin netwok a sama da ƙasa.

Wuta kuwa lissafinta a fili yake. A ce kayan gindin uwa duka suna jan wat 40, a wuni da kwana wat-awa 960 ke nan. Batir mai ruwa na volt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2400, rabi kawai ake so a taɓa, wato kwana ɗaya da 'yan sa'o'i. Sa biyu saboda kwanakin hadari. Faifan sola na wat 400 zai wadatar. Akwatin batir ya samu inuwa da iska, domin zafin Afrilu a Birnin Kebbi yana haura digiri 40 kuma yana rage wa batir kwana. Da hunturu a samu yaro mai hankali ya riƙa share ƙurar faifan duk bayan kwana uku, a yanka masa ɗan abin sayen kati, a kuma nuna masa fitilar da in ta koma ja zai kira ka tun kafin batir ya mutu.